Idon Dikko a Cikin Wayata

Ba zan ɓata bakina kan yadda muka bar gida ba. Duk wanda ya zauna tsakanin Bakura da Maradun a shekarun nan ya san abin da ke fitar da namiji: gona tana nan amma ba ta shiguwa, garke kuma a kore shi da rana tsaka. Ni Lawali, mutumin Damri, gona ce ta gagare ni. Dikko, ɗan kawuna na Janbako, shanu aka raba shi da su. Taubashina ne, don haka tun muna yara ba ni da aiki sai tsokanarsa, shi kuma ba shi da aiki sai shiru. Ido ɗaya gare shi. Na hagun ƙahon saniya ya tsiyaye shi tun yana yaro, kuma ban taɓa jin ya ambaci abin da bakinsa ba. Ya bar matarsa Hassi da cikin fari, muka nufi ramukan zinari na arewacin Nijar.

A Agadas aka fara yi mana wankin ido. Wani ɗan kamasho ya ji Hausarmu, ya rungume mu ya ce shi ma ɗan Mafara ne, ya shiga lissafa mana unguwanni da masu gasa nama na bakin tasha. Ni da son zance, nan take na saki jiki. Ya ce ya samo mana mota mai rumfa da ruwan sha har wurin aiki. Da gari ya waye muka tarar da wata tsohuwar akori-kura an lafta mata kaya, mu kuma a can ƙololuwa, kowa ya rungumi sanda tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Ruwan kuwa a jarkar fetur aka zuba shi. Ɗan Mafara ko ƙurarsa ba mu sake gani ba. Na yi ta zage-zage har muryata ta dishe, Dikko kuma ya naɗe fuskarsa da rawani, abin da kawai ya ce shi ne, "Ka rage magana, ƙishi za ka ji."

Wurin haƙar ba gari ba ne. Duwatsu ne baƙaƙe da rumfunan buhu, da ramuka ko'ina kamar gidan gara. Ba itace, ba tsuntsu. Mai ramin da muka faɗa hannunsa yana da ma'auni biyu, na saye da na sayarwa, kowa ya sani, kowa ya yi gum, don wanda ya yi magana sai ya nemi wata rumfar. Da rana mu shiga ƙasa da guduma da kurfi, ƙarfen fasa dutse, da yamma mu fito fari fat kamar an tono mu. A nan na san ana kewar abin da ba a taɓa ɗauka komai ba. Ni hoce, wainar dawar nan tamu, nake mafarki, da ɗanyen koren shinkafar fadamar Bakura. Na tambayi Dikko shi me yake kewa, ya ce, "Ba komi." Ƙarya yake, amma haka aka rene shi: namiji ba ya cewa yunwa, ba ya cewa ciwo, ba ya cewa kewa.

Abin da ya fi cin raina shi ne waya. A lokacin an yanke layuka a jiharmu saboda rashin tsaro. Ka hau dutse a tsakiyar hamada ka sami layi tsaf, ka kira Legas ta shiga, ka kira Damri shiru. Labarin gida sai dai a bakin sabon zuwa.

Haka wata rana wani ɗan Maradun ya sauka daga mota, ya zo rumfarmu shan shayi. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi hanya da gajiya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya dubi Dikko ya ce, "Af, barka hwa! An sauka lahiya gidanka tun kwanaki. Ɗiya mace. An sa mata Asma'u."

Rumfa ta kaure da barka. Dikko ya sunkuyar da kai, ya gyara garwashin shayi, ya tambayi mutumin, "Gero ya yi kyau bana?"

Na ce, "Kai, Bafillace! An ce ka zama uba, kai kana tambayar gero? Faɗi sunanta mu ji. Ce As-ma-'u."

Ya tashi ya ɗauki buta ya fita. Kowa ya yi dariya, har da ni. A wurinmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce, balle a gidan su Dikko. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, ba ya kallonsa a gaban mutane. In ya matsu sai dai ya saci kallo da wutsiyar ido.

Ba a jima da wannan ba tsautsayin ya zo. Muna cikin rami, ina riƙe da kurfi yana duka, sai ɓallin dutse ya tashi ya same shi a idon dama, idon da yake rayuwa da shi. Ya dafe wurin, ya zauna. Na ce mu fita. Ya ce ba komi. Idon ya yi ja kwana biyu, wani mai tallan magani ya sayar mana da wani ruwa a 'yar kwalba ya ce daga Makka aka kawo shi, jan ya washe, muka ce Allah ya tsare. Ido fari tas, ba kwantsa, ba zafi. Wa zai ce akwai ciwo a nan?

Sai na fara lura da wasu abubuwa. Dikko da ke tafiya cikin garke da duhu bai taka ko kashin shanu ba, ya koma yana shure butar shayi. In an aje kwano a ƙasa sai ya lalubo shi da hannu. Takalminsa na gabansa yana nema. Na ce, "Mi as same ka?" Ya ce, "Lahiya lau." Na ce, "Ko ɗiyar ce ta ɗauke maka hankali?" Ya ci gaba da laluben takalminsa.

Ranar da asiri ya tonu, da rana tsaka ne, muna dawowa daga wurin mai ruwa. Akwai wani tsohon rami a hanya wanda ko jaki ya san ya kauce masa. Ina bayansa, ina kallo, Dikko ya miƙa ƙafa ya taka iska. Allah ya taimaka ramin ba zurfi, amma goshinsa ya dare, jini ya wanke masa fuska. Wani Buzu mai jigilar ruwa, wanda ko sunansa ban sani ba, ya sauke jarkokinsa daga mota ya ce mu shiga. Shi ya kai mu har Arlit, ya sauke mu a ƙofar sashen gaggawa na wani asibiti, na buɗe baki zan yi godiya ya riga ya ja motarsa.

Wanda ya karɓe mu wani matashin likita ne, siriri, Ba'adare, Hausarsa kamar ta mutanen Illela. Yana ɗinkin goshin yana tambaya yadda aka yi. Da ya ji babban mutum ya faɗa rami da rana tsaka, sai ya dakata.

"Malam Dikko, idon fa?"

"Lahiya lau, likita."

"Ba ka ganin walƙiya? Ko baƙaƙen abubuwa suna yawo?"

Dikko ya kau da kai. Likitan ya ce ya dubi hancinsa kada ya motsa ido, ya ɗago yatsunsa daga ƙasa a hankali. Yatsun nan suna ta motsi a gabansa, Dikko bai ce uffan ba sai da suka hau sosai.

Ya ɗiga masa wani magani ya ce mu jira baƙin idon ya buɗe. Da ya dawo ya ja labule, ya ciro wayarsa daga aljihu, da wani ɗan gilashi mai kauri kamar gindin kwalba. Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya na ce, "Likita, ɗinki muka zo, ba hoton fasfo ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba mu da likitan ido a nan, ba mu da na'urarsu. Wannan ce na'urarmu. Riƙe mini kansa."

Na riƙe. Ya kunna fitilar wayar, ya sa gilashin a gaban idon, yana matsowa yana ja da baya, yana cewa dubi sama, dubi dama, dubi ƙasa. Can sai ya tsaya cak, ya danna. Ya kira ni gefe ya nuna mini. Wallahi ban taɓa zaton cikin idon mutum haka yake ba. Wani da'ira ne ja-ja kamar dafaffiyar kabewa, da jijiyoyi sun bazu a ciki. Amma gefe guda ba ja ba ne, ya yi toka-toka, ya kumburo, ya yi ninki.

Ya ce, "Ka ga wannan? A bayan ido akwai wani tantani da gani ke sauka a kansa. Dukan da ya samu ya yaga shi, ruwa ya shiga ta baya, yana ɗaye shi kamar yadda yaɓe ke sakin bango. Duk inda ya saki, wurin ya mutu da gani. Ba ya zafi, shi ya sa yake cin mutane."

Ya tura wa wata likitar ido a Yamai hoton. Kafin mu gama sallar la'asar amsarta ta dawo da murya, da Faransanci, ya fassara mana. Ta ce tsakiyar ganin bai saki ba tukuna, kuma wannan ita ce sa'ar da ta rage. In aka yi aiki kafin ya saki, akwai kyakkyawan fata. In ya saki, sai abin da Allah ya yi. Ta ce aikin sai babban asibitin ido, tunda 'yan Najeriya ne mu miƙe Kano. Ta ce ya kwanta iya iyawarsa, a guji jijjiga, kada a tsaya ko'ina.

Sai a lokacin Dikko ya buɗe baki. Ya ce abin kamar ruwa ne baƙi yake tasowa daga ƙasa, tun kwanaki. Na ce, "Tun kwanaki! Kana ce mini lahiya lau? Ashe sai waya ce za ta faɗa mini abin da ke cikin kanka, ni da muke ci kwano ɗaya?" Na yi faɗa har wata ma'aikaciya ta leƙo. Likitan ya tura hoton cikin wayata ya ce in nuna wa duk likitan da muka tarar. Da za mu fita rana ta soki idon saboda maganin, Dikko ya runtse. Mutumin nan ya cire baƙin tabaraunsa daga aljihun riga ya sa masa, ya ce, "Ku je da shi. Allah ya sa a dace." Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

A tashar Agadas hanya ta rabu biyu. Ga motar Damagaram, daga can sai Kano. Ga motar Tawa, wadda ke gangarawa Ƙonni da Sakkwato, hanyar gida. Na kama hannunsa na nufi ta Damagaram, sai na ji ya toge.

"Gida za mu," in ji shi.

"Wane gida?"

"Ba a sa mini wuƙa Inna ba ta sani ba."

Na ce, "Dikko, kana hauka? Ka ji abin da matar nan ta ce!"

"Na jiya."

"To mu kira Innar mana!" Na faɗa, sannan na tuna ba layi. Na ce mu aika saƙo a bakin direba. Ya ce maganar wuƙa ba ta saƙo ba ce. Na ce uwar da ta haife ka za ta ce kada a gyara maka ido? Ya ce ko za ta ce a yi, sai ya ji daga bakinta. Na roƙe shi, na zage shi, na haɗa shi da Allah, har mutane suka taru. Wani dattijo ya ce, "Yaro, bar shi, wanda ke neman albarkar uwa ba ya taɓewa." Na ji kamar in shaƙe tsohon nan. Dikko ya lalubi ƙofar motar Tawa ya shiga. Me zan yi? In bar shi ya tafi shi kaɗai yana taka iska? Na bi shi ina huci.

Hanyar Agadas zuwa Tawa, Allah ya isa. Kwalta ce da ta mutu ba a binne ta ba. Na gaya wa yaran mota halin da muke ciki, wata tsohuwa mai buhunan dabino ta ji, ta sa aka jera buhunanta a tsakiyar mota aka shimfiɗa zaninta a kai, ta ce a kwantar da shi. Na zauna na tallafe kansa da hannu biyu. Duk ramin da motar ta faɗa, a cikina nake jinsa. Ina ta ciro wayar ina duban hoton nan kamar zai gaya mini inda aka kwana.

Da yake ba zai ce ciwo ba, sai na samo dabarar tambayarsa. In an tsaya sallah sai in tsaya a gabansa in ce, "Dube ni a fuska. Daga ina kake ganina?" A Agadas ya ce daga gwiwa. A Tawa ya ce daga cinya. A Ƙonni, bayan mun sha fama da masu duba takardu a iyaka, ya ce daga cibiya. Na ce, "Gara haka, dama ƙafafuna ba abin kallo ba ne." Ya yi murmushi. Ni kuwa na zagaya bayan wata rumfa na share hawaye.

A Sakkwato na sake gwadawa. Na ce ga motar Kano tana lodi, mu shige, in ya so ni in dawo in ɗauko Inna da kaina. Ya ce, "Mun yi kusa, Lawali." Yadda ya faɗe shi, a hankali, kamar mai roƙo, ya sa na bar maganar Kano. Tunda nake da shi bai taɓa roƙona komai ba.

Muka wuce mararrabar Bakura ina kallon hanyar garinmu ta taga. Tsohuwata na can Damri, ban san ko tana raye ba, ban san ko garin na nan ba. Ban sauka ba.

A Mafara muka kwana a shagon wani ɗan uwan babana, da safe aka shiga neman babur. Da ƙyar muka sami masu zuwa Janbako, su ma sai da aka haɗa su da Allah. Kafin mu hau na tsaya a gabansa. Ya ce daga ƙirji. Na sa shi a tsakiya, ni a baya na rungume shi ina tokare kansa da kafaɗata. Hanyar nan damina ta cinye ta, ga kwazazzabai, ga gonaki sun zama daji ba mai shiga. Ƙauyuka biyu muka wuce ba hayaƙi, ba kukan akuya.

A wata mashiga 'yan sa-kai suka tare mu. Suka ga dogon mutum fari da rawani da baƙin tabarau, nan take fuskokinsu suka canza. Aka ce mu sauka, aka ce a kawo wayoyi. Babbansu ya shiga binciken tawa, ya tarar da hoton.

"Wanga fa? Mine ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, cikin idon wanga bawan Allah ne. Shi kaɗai gare shi, kuma yana mutuwa."

Ya sa Dikko ya cire tabarau. Ya ga ramin idon hagu, ya ga ɗinkin goshi, ya sake duban hoton ya daɗe. Sai ya miƙo mini wayar, ya ce da mai babur, "Kai, ka bi da su sannu. In na ji ka yi gudu da su, ni da kai ne."

Bayan azahar muka shiga Janbako. Kafin mu kai ƙofar gida labari ya riga mu. A zaure na tsaya gabansa ban ce komai ba, shi ya faɗa da kansa, ƙasa-ƙasa: "Daga wuya."

Inna, mahaifiyarsa, ta fito tana salati. Ban bari an zauna ba na ciro waya na nuna mata, na zayyana mata komai, na ce ga shi ya ƙi zuwa asibiti sai da izininki. Tsohuwar ta dubi hoton, ta dube ni, ta dubi ɗanta.

"Izinina? Yaushe na taɓa cewa sai an tambaye ni? Dikko, wace irin magana ce wagga? Ku tashi ku tahi yanzu!"

Amma ba babur da zai fita bayan la'asar a wannan hanya, kowa ya sani. Sai da safe. Dikko dai kansa na ƙasa. A lokacin abin ya ɗaure mini kai, haushi kuma ya hana ni tunani.

Sai 'yan sannu da zuwa suka fara shigowa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Kawu, mahaifin Dikko, da abokansa, liman, maƙwabta, tsofaffin mata. Kowa sai ya yi gaisuwarsa cikakkiya: ina gajiya, ina hanya, ina baƙunta, yaya aka baro mutanen can, yaya jiki. Dikko yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, "Lahiya lau. Lahiya lau. Da godiya." Ina zaune kusa da shi ina jin kamar in kore su da sanda.

Hassi ba ta gidan. Haihuwar fari ce, tana gidan iyayenta wanka, a ɗaya gefen garin, kuma Dikko ko da idonsa biyu lafiya lau ba zai taka gidan surukai a ranar da ya sauka ba. Can rana ta yi sanyi sai ga wata gwaggon Hassi ta shigo da jaririya a naɗe cikin zani, ta ce an kawo Ma'u ta gai da baƙi. Mata suka ɗauki guɗa. Aka miƙo mini ita, ni taubashin uba.

Yarinya ce ja, mai gashi, idanunta a buɗe tar. Na ji Dikko ya daina numfashi a gefena. Tana kan cinyata, kamu ɗaya tsakaninta da gwiwarsa. Da a da ne, da wutsiyar ido ya gama ganinta ba wanda ya sani. Amma yanzu duk abin da ke ƙasa da wuyan mutum baƙin ruwa ya shanye shi. In zai gan ta, sai ya juyo gaba ɗaya, ya sunkuya, ya kafa mata ido a gaban ubansa da liman da gwaggon matarsa.

Na ɗaga ta sama daidai fuskarsa, na yi kamar tsokana ce irin tamu. "Kai, Bafillace, ga ɗiyarka. Dube ta mana!"

Wallahi na ga wuyansa ya motsa. Sai wani tsoho ya yi dariya ya ce, "Lawali, ba ka da ta ido! Bar shi mana." Dikko ya kau da fuskarsa bango, ya ce, "Baba, ragowar tumakin nan, suna nan?"

Aka yi dariya, aka ce ɗan halak, kunyarsa na nan hamada ba ta cinye ta ba. Na riƙe yarinyar a sama har hannuna ya gaji. Gwaggon ta karɓe ta ta ce magariba ta kawo jiki, ba a barin jariri a waje, gobe da sassafe za a sake kawo ta kafin mu tafi, lokacin ba jama'a. Na ji Dikko ya sauke ajiyar zuciya da ya ji an ce ba jama'a.

Da asuba muka yi sallah a zaure. Gari ya waye tangaran, rana ta fito har ta hau katanga. Ina ɗaure jakarmu sai ya ce, "Lawali, yau hadari ne? Gari ya ƙi wayewa."

Na saki jakar. Na tsaya a gabansa, na ce, "Daga ina kake ganina?"

Ya ɗaga fuska yana neman inda muryata take.

Gwaggon ta cika alkawari, ta zo da yarinyar, ba kowa a zauren sai mu. Na karɓe ta na sa masa a hannu. Ya riƙe ta, ya sunkuya har goshinsa na taɓa nata, ya buɗe idon nan iya buɗewa. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙo ta ya ce mu tafi, kada mu rasa babur.

A Kano, a sashen gaggawa na asibitin ido, wata likita ta ɗiga masa magani, ta duba da na'urarsu, ta kuma ɗauki hoto da waya kamar yadda aka yi a Arlit. Na miƙa mata tawa. Ta jera su biyu, ta dubi na farko ta dubi na biyu. A nawa jan ya fi yawa. A nata kusan duka toka ne. Ta ce, "Da wannan kuka zo mini da shi," ta nuna wayata, "da na yi muku alkawari. Me ya tsayar da ku?"

Dikko ya ce, "Hanya ce, likita."

An yi aikin, ba a ƙi ba. Abin da ya dawo shi ne ya san rana ya san dare, in mutum ya gitta ya ga inuwa. Fuska kam babu. Yau yana Janbako, yana tufkar igiya a zaure, Ma'u ta yi wayo har ita ke jan sandarsa zuwa masallaci, kuma har gobe bai kira sunanta ba. "Ke," yake cewa. Hoton yana nan a wayata, na canza waya na kwashe shi zuwa sabuwa, ban san amfanin da zai yi mini ba, na dai kasa gogewa.

Amma abin da ba ya barina shi ne wata yamma a asibitin nan, bayan an kwance masa bandeji, an gane abin da aka samu ke nan. Masu jinya sun fita sallah, ɗakin ya rage daga ni sai shi. Yana kwance, na zaci barci yake. Sai na ji ya ce, "Lawali."

"Na'am."

"Akwai mutane?"

"Ba kowa."

Ya juyo fuskarsa inda nake. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ita... wa ta ɗauko?"

A nan na gane hanyar Tawa, da buhunan dabino, da izinin Inna. Ashe ɗiyarsa yake son gani kafin idon ya tafi. Na ce, "Kai ta ɗauko, Dikko. Hancin, goshin, komi. Ja ce, ga gashi. Idanunta biyu, manya, duka lahiya lau."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Sai aka turo ƙofa, wani ya yi sallama. Dikko ya yi maza ya juya fuskarsa bango.